Birkin Motar Baba

Katsina, ranar Lahadi.

Zuwa ga ƙanena Kabiru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya sanyin can? Mu nan sai godiya.

Ka san har yau ban huce da rabon gadon nan ba. Ni na yi shekaru ina wanke tsohuwar motar Baba, amma kai ta faɗo wa, ka bar mini ita ajiya ka tafi. To, yau ni ne mai laifi.

Birkinta irin na da, mai dirom, ya daina ci sosai, ga tsatsa. Ban shawarce ka ba, na sa Malam Audu bakanike ya canza mata na zamani mai faifai, har da jan fenti don mutane su gani. Ranar Juma'a na matsa sai na je masallaci da ita. Ya ce, "Alhaji, ban gama fitar da iskar birkin ba, ka bari sai gobe." Na ce masa lokacin da nake karatun injiniya ko rarrafe bai fara ba.

A kwanar Ƙofar Durbi na taka birki, ya nutse har ƙasa. Na kauce wa mai kurar ruwa, na daki katanga. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo.

Ka yafe mini, ka sa ni a addu'a. Ka gaishe da Hajiya Rabi da yara.

Malam Audu ya duba motar. Injin ya tsage, kuma ba a samun irinsa yanzu. Motar ba za ta sake tashi ba.

Yayanka,
Bashir