Ɓargon Inna

Yaya Tsahara,

Gaisuwa daga Lyon, nan Faransa. Ya yara, ya garken Baba a Dakoro? Ɗan'uwanmu Jimrau ya ce mini Inna ta ɗan zame a bakin rijiya, hannu ya karye. Tun ranar na kasa zama wuri guda.

Ni lafiya lau, kar ki damu. Sai dai ƙwayoyin ɓargon da nake reno a labo, ɗakin bincikenmu, sun mutu sau biyu, aikin wata uku ya lalace.

Yaya, ciwon Inna shi nake karantawa. A cikin ɓargo akwai ƙwayoyin da kan zama ƙashi ko kitse. Sinadarin jikin mata, estrojen, shi ke karkata su wajen ƙashi. In haila ta ɗauke sai ya ragu, kitse ya ƙaru, ƙashi ya yi rauni. Ƙibar Inna ba ta hutu ba ce, ki gaya wa masu yi mata tsiya.

Don Allah ki kai ta likita a Maradi, a duba ƙasusuwanta. In ta ƙi, ki ce zan aje karatun in taho. Ta san zan aikata.

Allah ya ba ta sauƙi.

Ƙanwarki,
Zuwaira