Ganye Uku a Ƙasan Allo

Northfort, jihar Massachusetts
9 ga Oktoba, 1798

Zuwa ga Yayata Keziah,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara, da fatan ƙafar 'yarki Thankful ta daina kumburi. Na iso jiya da la'asar, na sauka a masaukin da ke kallon kotun Tarayya.

Yau an bar ni na ga mijinki a kurkuku. Jabez ya rame, tarin nan ya dawo, amma bakinsa yana nan daram. Ina shiga ya ce, "A'a, ƙanen mata! Ka zo ganin yadda Tarayyarka take saukar baƙi? Zauna, ga ciyawa, ita ce kujerar manya a nan." Na ce ko a kabari sai ya ja musu. Ya ce, "In dai kai za ka sassaƙa dutsen, ai dole in tashi in duba kuskure."

Muka koma gardamarmu ta kowace Lahadi, wadda kike raba mu da ludayi. Shi yana nan a kan bakansa: jihohi ne suka haɗu suka yi Tarayya, don haka majalisar da ke can nesa ba ta da hurumin hana mutumin garinmu Wendham faɗin abin da ke ransa, wannan aikin jiharmu ne. Wai gudun gara muka yi da muka kori sarkin Ingila, muka faɗa wa zago. Ni kuma na tuna masa hunturun da muka yi a fagen yaƙi da tsumma a ƙafa, kowace jiha tana cewa ɗayar ce za ta aiko da takalma. Wanda ya taka ƙanƙara da ƙafarsa ba zai raina gwamnati ɗaya mai ƙarfi ba.

Jibi za a shiga shari'a. Laifin dai shi ne allon da aka rataya a dogon sandan da aka kafa a dandalin garinmu, sun ce ya saɓa wa sabuwar dokar hana aibata gwamnati. An kira ni shaida ne domin sassaƙa rubutu a dutsen kabari sana'ata ce, wai in duba allon in faɗi abin da na gani. Kada ki tada hankalinki. Ki aiko masa da rigar ulun nan mai kauri, ita kaɗai ya roƙa.

Ki gaida yara.

Ƙaninki,
Zenas Holbrook

Northfort
13 ga Oktoba, 1798

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan Ubangiji ya ba ki ƙarfin zuciya. Na san labari ya riga takardar nan isowa: wata goma sha takwas aka yanke wa Jabez. Abin da zan faɗa miki kuwa ba mai kawo miki shi sai ni.

Ni na sassaƙa allon, Yaya. Kalmomin ma nawa ne.

Wata rana na shiga maƙerarsa karɓar kurfi, ƙarfen da nake sassaƙa da shi, na tarar yana fama da allo da gawayi, ya rubuta wai Tarayya ɓarauniya ce. Rubutun kamar kaza ta yi tono. Na yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "To gwani, mai gwamnati, in ka isa ka gyara." Kin san ni da girman kai a kan aikina. Ita kanta dokar ba ta kwanta mini ba, ko da yake ban taɓa yarda na faɗa a gabansa ba. Na karɓi allon na tafi da shi gida, na sassaƙa: JIHOHI SUKA HAIFI TARAYYA, ƊA BA YA ƊAURE BAKIN UWARSA. Da na gama, hannuna ya yi abin da ya saba shekara ashirin, ya zana ganye uku a ƙasa. Sai da aka ɗaga sandan sama na lura. Shi Jabez zobban ƙarfe kawai ya ƙera, amma da yake duk gari an san bakinsa, shi aka zo aka kama.

Babu gida a Wendham da bai binne wani a ƙarƙashin ganyen nan uku ba. Yana kan dutsen Baba, yana kan na ɗanki Micah. Mutanen garinmu bakwai aka kira, kowa ya kalli allon, ya kalli ƙasa, ya ce bai sani ba. Jami'an Tarayya baƙi ne, ba su taɓa shiga maƙabartarmu ba.

Da aka zo kaina, na ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki na rantse. Lauyan gwamnati ya ce, "Maigida Holbrook, wannan aikin gwani ne, ko maƙeri ma zai iya?" Na ce duk mai kurfi da haƙuri zai iya. Ya nuna ganyen da sandarsa ya ce, "Wannan fa?" Na ce ado ne kawai.

Jabez ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Alƙali ya tambaye shi abin dariya, ya ce, "Ranka ya daɗe, yau na fara jin an yabi rubutuna." Bai ƙara ko kalma ba, bai kuma kalle ni ba.

Me ya rufe mini baki? Na so in ce miki matata Lois ce da cikinta wata bakwai, kuma akwai wannan. Amma gaskiyar ita ce takardar naɗa ni mai kula da gidan waya na Wendham tana aljihuna a lokacin, da hatimin Tarayya a jikinta. Na ji nauyinta a ƙirjina, na zaɓe ta. Ke da kika goya ni bayan rasuwar Inna, abin da na saka miki da shi ke nan.

Na je kurkukun da safe. Ya ce, "Ƙanen mata, daina wannan fuskar. Ɗayanmu dai za su ɗaure, kuma ni na fi ka iya zama da mutanen banza, tun da na zauna da kai." Na ce zan koma gaban alƙali. Ya ce, "To ka koma mana, ƙofar tana can." Na fito, na wuce ƙofar kotun, na hau dokina.

Ban roƙi gafara ba, don ban kai nan ba. Ki amsa mini ko da zagi ne.

Zenas

Wendham
2 ga Maris, 1799

Yaya Keziah,

Gaisuwa da ta'aziyya. Tsakanin gidana da naki gona uku ce, amma takarda nake aikowa, don na san ba ki son ganin fuskata, kuma da gaskiyarki. Kusan wata biyar ba ki ce mini uffan ba. A coci kina wuce ni, ranar da aka kawo gawar Jabez ma a bayan shinge na tsaya.

Kullum ina cewa gobe zan rubuta wa alƙali. Na ce bari Lois ta haihu, ta haihu. Na ce bari ƙanƙara ta narke, hanya ta buɗe. Sanyin kurkuku bai jira ni ba. Har yau ina ganin ƙasar nan ba za ta tsaya ba sai da Tarayya, kuma da yana nan da na faɗa masa haka a teburinki. Amma shi ya mutu a kan maganar da ba shi ya rubuta ba, ni kuwa ina zaune ina buga hatimi a wasiƙun mutane.

Shekaranjiya Thankful ta kawo takardarki ta abin da za a sassaƙa a dutsen kabarinsa. Na karanta sunansa, da shekarunsa arba'in da shida, da layin da kika ƙara a ƙasa: "Ka sa ganyenka, yadda ka saba." Sai a lokacin na gane ke ma tun ranar da aka ɗaga sandan kin ga ganyen, kika yi shiru kina jira ƙaninki ya buɗe baki da kansa.

Na gama dutsen jiya. Na mayar da hatimin gidan waya, kuma jakar wasiƙu ta ƙarshe da na ɗaure tana ɗauke da takardata zuwa ga alƙali. Na faɗa masa wanda ya yi allon da wanda ya yi rantsuwar ƙarya, na ce ya aiko mutuminsa ya zo maƙabartarmu da allon ya gwada ganyen. Na san ba abin da wannan zai dawo miki da shi.

Ranar Asabar za a kafa dutsen. In kin yarda zan zo in riƙe igiyar ɗaga shi, in ba ki yarda ba zan ba maƙwabcina Eben Sawyer ya kai. Ganyen na yi shi babba a wannan karon, mai wucewa a kan doki zai gan shi daga hanya.

Ƙaninki, in har yanzu kina kira na haka,
Zenas Holbrook