Gaba Biyu a Rijiyar Lambuna

Talata, bazarar 1973, Toranke

Na dawo daga Gaya, ko tuwo na kasa ci. Alƙali ya yanke hukunci: kada in ƙara yi wa albasata ban ruwa sai mutane da dabbobi sun sha, in ya ragu sannan shuka. Ina zai ragu a wannan fari?

Laifina kawai na yashe rijiyata na ƙara mata zurfin gaba biyu, sai ta maƙwabcina Baba Sule ta koma taɓo. Na ce wa alƙali, "Allah ya gafarta Malam, a gonata na haƙa." Ya ce, "Gonar taka ce, Habu. Ruwan ƙarƙashinta wa ya sayar maka?" Sai a hanya amsoshi suka yi ta zuwa mini.

Da yamma na leƙa lambun, ganye har ya fara kwanciya. Na tarar da Baba Sule a bakin rijiyata da tulu, bai zura guga ba. Ya ce, "Ɗana, jira nake ka ce in ɗiba."

Ni na ja masa gugan. Har yanzu haushi nake ji, amma na rasa haushin wa.