Baƙaƙen Fatun da Baba Ya Ce Suna da Aibi

Mosul, 12 ga Afrilu, 1978

Zuwa ga ƙanena Ganim,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Lamiya da 'yarmu Suha, wadda har yau a hoto kawai muka san ta. Allah Ya raba ku da ciwo, Ya sassauta muku sanyin Kanada ɗin nan da kake ba mu labari. Mu nan lafiya lau, sai dai gidan ya yi mana faɗi tun rasuwar Baba. Gwiwar Umma ta ɗan yi sauƙi, tana iya hawa bene da kanta in ba a sa mata ido ba. Cikin ƙanwarmu Madiha ya tsufa, haihuwa ko yau ko gobe. Mijina Hazim yana nan da tarinsa da tabarsa, na gaji da magana. An yi sadakar arba'in ranar Alhamis, na yi kubba, wainar nan tamu ta alkama da nama, har yatsuna suka sage. Makiyayan Jazira da Baba ke sayen fatu a wurinsu sun zo har sun cika layinmu, kowa ya buɗe baki sai ya ce Allah Ya jiƙan Abu Ganim, wato baban Ganim. Na wuni ina jin sunanka a bakin mutum fiye da ɗari, kai kuwa babu kai, sai da na shiga kicin na yi kukana na fito.

Takardar wakilcinka ta iso hannun Ammu Zannun, ƙanin Baba, da hatiminta da komai. Layi uku, Ganim! A sayar da duk abin da ke shago da sito, a ba Umma da 'yan'uwanka mata rabonka, shi ke nan. Mutane sun yi ta sa maka albarka, wai samun ɗa irinka sai an tona. Ni dai da na goya ka na san ba kyauta ce zalla ba, hannunka kake wankewa. Ina tsaye a bakin ƙofa ranar da ka ce wa Baba ba za ka ƙare rayuwarka kana warin jima ba, shi kuma ya ce ka je, sanyi zai koro ka. Bai raka ka tasha ba, kai ma ba ka waiwayo ba. Shekara goma sha huɗu ke nan kuna gaisawa ta bakina, ni ce mai kai wa, ni ce mai kawowa, ina rage wa maganar kowannenku kaifi a hanya. Ba don in tona tsohon ciwo na tuna maka ba. Wani abu muka gani a sito, kuma ba zan iya bari a sayar da shi ba ka sani ba.

Ranar Asabar aka buɗe siton don a rubuta kayan gado. Da ni, da Ammu Zannun, da magatakardan alƙali, da Usta Nafi, tsohon nan da ke ɗinka wa Baba farwa, rigar sanyin nan ta fatar tumaki, tun kafin a haife ka. Ka san yadda wurin yake, fatun 'ya'yan tumaki jibge har rufi, farare da jajaye da masu ruwan toka, ga warin kafur da ganyen taba da ake sawa saboda asu. A can ƙurya bayan buhunan gishiri muka tarar da wata adaka a kulle, makullinta kuma ba ya cikin tarin makullan shago. Sai da na koma gida na lalubo shi a aljihun rigar da Baba ya rasu a cikinta. Aka buɗe ta a gabanmu duka. Baƙaƙen fatu ne guda ashirin da shida, gashinsu a nannaɗe ƙanana ƙanana, suna sheƙi kamar an shafa musu mai, kuma in ka jera su sai ka rantse daga jikin rago ɗaya aka fito da su. Na juya guda ɗaya, sai ga rubutun Baba a bayanta, karkatacce kamar kullum, sunanka da shekara. Na juya ta biyu, haka. Dukansu haka, tun daga shekarar da ka tafi har bara.

Usta Nafi ne ya ba mu labari, yana share ido da gefen rawaninsa. Ya ce duk lokacin haihuwar tumaki in makiyaya suka kawo kaya, Baba zai zauna ya bi fatun ɗaya bayan ɗaya yana hura gashin da baki don ya ga tushensa. In ya ci karo da baƙa wadda ta yi masa, sai ya haɗe rai ya ce wannan tana da aibi, ya tura ta ƙarƙashin tabarma. Wata shekarar ɗaya, wata biyu, wata uku, akwai shekarar fari da bai sami ko ɗaya ba, ya yi mako yana faɗa da kowa ba dalili. Usta ya ce shi tun tuni ya gano, har yakan tsokane shi ya ce, Abu Ganim, yaushe aka fara shafa fata mai aibi kamar jariri? Baba sai ya ce masa ya kama allurarsa, tsohon banza, ba a tambaye shi ba. Kuma duk ranar Juma'a da hantsi, lokacin da muke zaton ya tafi wurin aski, ashe sito yake shiga ya fito da su ya kaɗe, ya bar su su sha iska, ya canza ganyen taba ya mayar. Shekara goma sha huɗu, Ganim, ko Umma ba ta sani ba.

Na tambayi Usta me ya hana a ɗinka, tunda fatun sun isa farwa guda har da ragowa. Ya ce sun isa tun shekara uku da suka wuce, kuma shi da kansa ya ce wa Baba a yanka a aika maka. Baba ya ce da wane awo? Wai yaro ya tafi siriri kamar sanda, yanzu ya kai talatin da biyar, wa ya san yadda kafaɗarsa ta koma. Ka san Baba da Usta da taurin kai a kan sana'a, ba sa yanka fata sai sun dafa kafaɗar mai ita sun auna da taƙi. Usta ya ce to a rubuta maka ka aiko da awo, Baba ya ce shi ba zai roƙi ɗansa awo a takarda ba, in ka zo zai auna. Haka ya ci gaba da tarawa yana musanya wadda ta fi da wadda ba ta kai ba. Wallahi da na ji haka haushinsa ya kama ni kamar in tashe shi in yi masa faɗa, sai kuma kewarsa ta danne haushin. Ku biyun nan halinku ɗaya, kun gajiyar da ni.

To ga inda matsalar take. Na ɗauka tunda da sunanka a jiki magana ta ƙare, ashe ba haka ba ne. Alƙali ya ce kyautar da ba a damƙa wa mai ita ba har mai bayarwa ya rasu, ba ta zama kyauta ba, ta koma cikin gado. Takardarka kuma ta ce a sayar da komai. Na ce wa Ammu Zannun ya kau da kai mu fitar da adakar, ya ce Sabiha, so kike in je kabari da amanar ɗan ɗan'uwana a wuya? Wai shi abin da aka rubuta masa zai bi, ko akuya ce ta rubuta. Kada ka ga laifinsa, shi ma na gan shi yana shafa fatun lokacin da ya zaci ba mai kallonsa. Wani ɗan kasuwa daga Halab ya riga ya zo ya ga kaya, kuma da idonsa ya faɗa kan baƙaƙen nan ya ce in babu su ba ya sayen sauran. Na ce masa ai masu aibi ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Allah Ya ba shi irin wannan aibi a gidansa. Zai dawo ƙarshen watan Mayu, kuma ba za a iya wuce nan ba, don zafi na shigowa asu zai faɗa wa siton, yanzu kuwa babu mai kaɗewa. Alƙali ya ce hanya ɗaya ce, kai da bakinka ka ce kana son su cikin rabonka. Ni da Madiha da Umma mun riga mun yarda, talgiram ɗinka kawai Ammu yake jira.

Na kai wa Umma guda ɗaya gida a ɓoye, ta shekarar da aka haifi Suha. Ta daɗe tana riƙe da ita a cinya, ta sa hanci ta shaƙa, ta ce warin hannunsa na nan. Can sai ta tambaye ni wai da gaske ne a ƙasarku ruwa yakan daskare a kan gashin baki. Na ce haka ka rubuto. Ta ce to duk shekarun nan da me yake rufa? Na ce Umma, suna da riguna, ba tsirara suke yawo ba. Ta ce rigar kanti, ta taɓe baki. Tun ranar kullum da yamma takan sa a fitar mata da kujera bakin ƙofa, wai iska take sha, alhali hanyar tashar mota take fuskanta. Ba ta ce in kira ka ba, ka san ba za ta ce ba. Ni ce nake faɗa, ina kewarka, Ganim. Ina kewar yadda kake satar kubba daga tukunya kana ƙona yatsa, da yadda kake kirana Hajiya Sarkin Faɗa. Na tsufa, furfura ta fito mini a goshi, ban so ka fara ganinta a hoto ba.

Saura magana ɗaya, kuma gara ka ji ta daga bakina. Idon Usta Nafi ya yi rauni ƙwarai, sai jikarsa ta zura masa zare a allura, ya ce in an wuce hunturu mai zuwa ba ya jin zai iya wannan ɗinki, kuma ba ya yarda wani ya taɓa fatun Abu Ganim. Saboda haka ya sauko daga taurin kansa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Jiya ya zo har gida da wani kirtani, ya ce in saka maka a ambulan, ka sa Lamiya ta gwada maka daga kafaɗa zuwa kafaɗa ta ƙulla, daga wuya zuwa idon sawu ta ƙulla, ka maido. Wai da wannan zai yanka, Allah Ya yafe masa, a aika maka farwarka ta jirgi. Ka ga ke nan komai zai yiwu kana zaune a ɗakinka, talgiram guda da kirtani guda, ba sai ka taka ƙasar Mosul ba. Na kwana da kirtanin nan a hannuna, na saka shi a ambulan na fitar ya fi sau biyar. Na fitar ke nan, ba zan mayar ba. Ka buga talgiram ɗin gobe-goben nan don a tsayar da ciniki, wannan ba na wasa da shi. Amma awo kam, mutumin nan ya jira kafaɗarka shekara goma sha huɗu, ba ni zan aika ta a takarda ba.

Umma tana gaishe ka, ta ce a sumbaci Suha a goshi. Madiha da mijinta Samir suna gaisuwa, ta ce in namiji ne sunan Baba za a sa. Hazim yana gaishe ka, da yarana Nazhat da Riyad da suke ta tambaya ko kawunsu yana da gemu. Ammu Zannun ya ce in gaya maka ka ƙara layi na huɗu a takardarka, hannunka ba zai karye ba. Ka gaishe mini da Lamiya da kyau, ka ce mata ɗakin sama a share yake. Usta Nafi ma yana gaishe ka. Ɗazu ya biyo ta ƙofar gida ya tambaye ni ko na saka kirtanin, na dubi tsohon nan na ce masa na saka. Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai yau. Ka zo ka fid da ni kunya.

Wassalam. Ni ce yayarka mai ƙaunarka,

Sabiha