Dikodarku Ta Shafe Fuskar Ɗan Hajiya Kulu

Zuwa ga Babban Manaja, kamfanin da ke shigo mana da dikodar nan mai naɗar shirye-shirye.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yallaɓai, ina gaishe ka gaisuwa ta girmamawa, kai da iyali da ma'aikata, musamman baiwar Allahn nan mai amsa wayar masu ƙorafi, wadda na san muryarta yanzu fiye da ta wasu 'yan'uwana. Ban ambaci sunan kamfaninku ba, kun san kanku.

Sunana Lawali, mai gyaran rediyo da talabijin a Kaura Namoda. Na tsufa da ƙarfen dalma a hannu. Wakilinku ne ya zo har shagona ya ba ni riga da hula masu tambarinku, ya ce wannan akwati ba ya mantuwa: ka naɗi shiri yau, jikokinka su kalla. Na gaskata shi. Na kafa ta a gidajen Kaura, na kafa a Sakajiki da Dauran, har Jangeru na kai ta a kan babur. Mutanen nan ba su san ku ba. Ni suka sani, kuma sun san ƙofar gidana.

Ga abin da ke tafe da ni.

Na ɗaya. A daminar bara kuka turo wa dikodojin sabuwar manhaja ta sama, ba sallama ba neman izini. Akwatin ya rubuta cewa kada a kashe wuta sai ya gama. Yallaɓai, wa kuke faɗa wa? Mu ne ke kashe ta? Duk wanda ya tsara wannan gargaɗi bai taɓa kwana a Kaura ba. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, da ta dawo sai dikodoji suka tsaya cak a kan tambarinku. Tambarin yana da kyau, ban musa ba. Amma ba wanda ya sayi akwati don ya zauna da iyalinsa suna kallon tambari.

Na biyu. Na kira lambar da ke jikin kwali. Baiwar Allahn ta ce in zare waya daga bango, in jira kaɗan, in mayar. Na ce mata na yi. Ta ce in sake. Na gaya mata ni mai gyara ne, akwatuna sun cika mini tebur har ƙasa. Ta ce to in zare su ɗaya bayan ɗaya. Ban ga laifinta ba, karatun da aka ba ta ke nan, kuma ta haddace shi da kyau.

Na uku. Da na matsa, wakilinku ya aiko mini da manhajar gyara, ya ce in zuba a filashi in soka a bayan akwatin. Na gwada a kan dikodar Alhaji Ɗan'ige na Dauran, dattijon da ba ya wasa da labaran duniya. Ta tashi kam. Sai dai ta tashi da wani harshe mai rubutu kamar sawun kaji, in ka danna ƙarin murya ta canza tasha, in ka danna canjin tasha ta mutu. Ashe manhajar wani samfurin ce daban. Alhaji ya juya rimot a hannunsa, ya dube ni ya ce, "Lawali, wagga aba taka aljannu gare ta, ko kai ne ba ka iya ba?" A gaban surukinsa ya faɗa. Gara ya mare ni.

Na huɗu, kuma nan ne na karya dokarku. Kun manna takarda a kan sukurun murfi, wai wanda ya buɗe ya rasa garanti. Ofishin da zai cika garantin kuwa tafiyar yini ce a mota, a kan hanyar da kowa ya san halinta. Na yaga takardar na buɗe. Kafasitocin da ke sashen wuta, 'yan gwangwanayen nan masu riƙe lantarki, sun kumbura kamar ƙosai a mai. Ga gurbin fanka an tanada, ga ramukan sukuru huɗu, ga wurin soka wayarta, fankar ce dai babu. Wataƙila tana can tana yi wa wani fifita a ofishinku. Kun aiko akwati marar fanka garin da ake soya ƙwai a kan kwanon rufi lokacin bazara. Na canza kafasitocin, na ciro fankoki daga matattun kwamfutoci na ɗaura, na nemo manhajar da ta dace wajen wani abokin sana'a a Gusau. Yawancin akwatunan sun farfaɗo. Ba ku kuka gyara ba, don haka kada ku sa a rahotonku.

Da iyakar abin ke nan, da na haɗiye. Na biyar ne ya sa na ɗauki biro.

Hajiya Kulu dattijuwa ce a Jangeru. Ɗanta Nasiru ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, kuma an taɓa yin hira da shi a talabijin kan rigakafin shanu. Ni na saita mata akwatin ya naɗi hirar. Bayan wasu watanni aka tare motarsu a hanya, sai gawarsa aka kawo. Tun daga nan, in ta idar da la'asar, takan kunna hirar ta zauna ta ga ɗanta yana gyara hula yana dariya. Tata dikodar ba ta maƙale ba, ta karɓi manhajarku lafiya lau. Sai ta fito da tambaya da Turanci, wai ko a share faifan ajiya don ya dace da sabon tsari, kuma kun riga kun ɗora alamar zaɓi a kan amsar amincewa. Hajiya ba ta yi boko ba. Ta ga rubutu ya tsaya tsakaninta da ɗanta, ta danna babban maɓallin tsakiya kamar yadda na koya mata.

Ta aiko na je. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Lawali, ɗana, ni na kore shi da hannuna ko?" Na rantse mata ba ita ba ce. Na ciro faifan na kai Gusau, muka kwana biyu a kansa ni da abokina. Gidan talabijin ɗin ma na je, suka ce ba su da tsohon shirin. Abin da muka iya cetowa murya ce, ita ma rabi. Hoton ya farfashe, ba a gane komai. Na zuba mata muryar a ƙaramar rediyo mai cin kati.

Buƙatuna ba su da yawa. Ku daina taɓa akwatin mutum sai ya yarda. Duk tambayar da za ta iya share wani abu ku rubuta ta da Hausa, alamar kuma ta tsaya a kan a'a. Ku mayar da fankar da kuka cire. Ku ba masu gyara na karkara manhajar gaskiya, ku daina tsorata mu da takardar manne. Sannan ku tashi mutum, babba ba ɗan aike ba, ya je Jangeru ya durƙusa ya faɗa wa Hajiya Kulu cewa laifin naku ne, domin har yau ba ta yarda da rantsuwata ba. Zan kai shi a babur ɗina, ba sai ya biya ba.

Na gaya mata zan rubuto muku. Na zaci za ta ba ni saƙo mai zafi. Ta ce in gaishe ku, in tambaya ko can wajenku akwai sauran hoton, ko da na minti ɗaya ne. Na ce mata zan tambaya. To, na tambaya.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya da basira, ya tsare maka 'ya'yanka, ya sa kada ka wayi gari kana neman fuskar ɗayansu a cikin akwati.

Wassalam.

Lawali mai gyara,
Kaura Namoda.