Tabon Shuɗi a Farar Riga

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da mai gidanki. Kada ki yi wa rubutuna dariya, da hagu nake yi. Yatsun dama a ɗaure suke.

Kin san aikina a ɗakin gwaje-gwaje. Akwai garin sitacin dankalin turawa da muke narkarwa a ruwan zafi, ba irin wanda kike kashe rigunan mai gidanki da shi har su tsaya da ƙafarsu ba. Da shi muke gwada zuma. Sai mu haɗa su, mu ɗiga aidin, maganin nan da ake shafa wa ciwo, wanda ke mai da sitaci shuɗi. Zumar kirki takan cinye sitacin, shuɗin ya dushe. Wadda aka dafa ko aka cika da sukari ba ta iyawa, shuɗin yana nan daram. Mai gidanki zai gane, tunda zuma ce sana'arsa.

An kawo mana wata kwalbar zuma marar suna, lamba kawai. Na gwada, na sake gwadawa, shuɗin ya ƙi motsi. Na rubuta abin da na gani, aka hana sayar da ita.

Shekaranjiya da rana tsaka, ma'aikata sun fita cin abinci, maza biyu suka faɗo mana fuska a rufe. Ɗaya ya maka wa Dogo, abokin aikina, ƙarfe a ido, ya bi farantai da kwalabe yana farfasawa. Ɗayan, mai farar riga, ya nufo ni. Ya danne hannuna a bakin durowa ya rufe ta da gwiwa, har na ji ƙasusuwan suna ƙara. Da hagu na rarumi kwalbar aidin na fasa masa a ƙirji. Wallahi, Yaya, da wuƙa ce a kusa da ita zan ɗauka. Likita ya ce idon Dogo ya tafi.

Tsoro nake ji, ko ƙofa aka buga sai na zabura. Ki sa ni a addu'a.

Taki har kullum,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya zazzaɓin ƙaramin? Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya, taki ta iso tawa ba ta kai gare ki ba.

Kin tambaye ni, tunda na san sinadarai, me zai fitar da tabon shuɗi mai duhu da mai gidanki ya dawo da shi a ƙirjin farar rigarsa. Kin ce ya ce biro ne ya fashe masa, ya kuma hana ki taɓa ta, har ya ɗaga miki hannu.

Na karanta wurin har na daina gani. Yaya, a tufa marar sitaci aidin launin ruwan ƙasa yake bari. Ba ya zama shuɗi sai a rigar da ta sha sitaci, kuma ban san mai zuba shi kamar ke ba.

Na san abin da zai fitar da tabon, amma ba zan faɗa miki ba. Kada ki tambaye shi komai. Idan ya fita, ki naɗe rigar a ƙasan kayan yara, ki kamo hannunsu ku taho wurina. Ki kiyaye naki yatsun.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta