Ranar Jirgi a Ushirohama

Osaka, 3 ga Satumba

Yaya Tokiko,

Gaisuwa mai yawa, da fatan zafin bana bai wahalar da ke ba. Ya ƙafa, ya kunne? Na daina kiranki a waya ne don na gaji da yin ihu maƙwabta suna jin sirrinmu.

Ɗana Noriaki ya saya mini tikitin jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa, wai kyautar cika shekara saba'in. Da na duba wuraren da zai tsaya sai na ga sunan garinmu, Ushirohama. Na ɗauka idona ne. Garin da ko jirgin kaya sai ya ga dama yake leƙowa! Za mu iso da hantsi ranar Talatar farko ta Oktoba, mu tashi da la'asar. Rabona da gida tun jana'izar Inna. Kada ki wahalar da kanki da girki. Akwai maganar da nake so mu yi in mun sami wuri mun zauna.

Ƙanwarki,
Fusae

*

Ushirohama, 14 ga Satumba

Fusae,

Na ga takardarki, lafiya muke, guguwar bana ma ta bi ta gefe. Wato sai da aka ɗora ki a bene mai iyo kika tuna hanyar gida?

Zama kuwa, ranar jirgi babu mai zama a garin nan. Da safe mu tsofaffi muke sa kayan biki mu yi wa baƙi rawa a bakin tasha, daga nan in ruga rumfata in soya kifi in sayar da mazarƙwaila. Kada ki shiga motar da ke kai su kallon kunkuru. Ki nemi rumfa mai shuɗin tanti kusa da wurin hayar lema. Ki zo da hula, fatarki ta zama ta 'yan birni.

Sai na gan ki.
Tokiko

*

Osaka, 12 ga Oktoba

Yaya,

Bayan gaisuwa, na dawo lafiya. Na gode da mazarƙwailar.

Tun daga kan jirgi na hango dutsen makaranta, na gane shi. Abin da ke ƙasansa ne ban gane ba. Aka manna mini lamba a ƙirji, aka zuba mu a ƙaramin jirgi, wata yarinya mai tuta tana koya mana yadda ake cewa sannu da yaren tsibirin. Ta faɗa ba daidai ba, Yaya. Na buɗe baki zan gyara mata, sai na ji ni ma ban tabbata ba.

Sai ga ki a layin masu rawa, kin fi kowa ɗaga hannu. Kika ce, "Kai, wace tsohuwa ce wannan ta saci fuskar Inna?" Dariyar nan ita ce abin da ya fi mini daɗi a duk tafiyar.

Sauran kin sani. Kika ɗaura mini zanen aiki kika ce in riƙa naɗe kifi. Da wata mata daga jirginmu ta ce in tsaya ta ɗauki hotona, wai ita tana son fuskar matan tsibiri, kika ce mata, "Ɗauki da kyau, wannan tun da aka haife ta ba ta taɓa barin garin nan ba." Matar nan kuwa teburinmu ɗaya a wurin cin abinci.

Da azahar da kika tura ni kabarin su Inna, na biya ta tsohon gidanmu. Ana sayar da kofi a ciki. Inda Baba yake ɗinkin komar kamun kifi, nan suka jera kujeru. Na zauna na sha, yaron shagon ya tambaye ni ko wannan ne zuwana na farko. Na ce masa e, don bayanin zai yi tsawo.

Kin tambaye ni a bakin tasha, "Ina maganar da kika ce?" Na ce ba komai. To ga ta. A watan Yuni na faɗi a banɗaki, na daɗe kwance kafin a same ni. Noriaki ya tsorata, ya nemo mini ɗaki a gidan kula da tsofaffi, zan shiga ƙarshen Nuwamba. Wurin yana da tsabta, kuma yaron ba mugunta ya yi ba. Yawon jirgin nan na sallama ne, ni da shi duk mun sani ba mu faɗa ba. Na zo ne da niyyar in tambaye ki ko akwai wurina a gidanki. Amma na ga garin ya zama na baƙi, na ga ke ma da ƙyar kike ɗaga tukunyar mai. Ban ga dalilin ƙara miki kaya ba. Na gaya miki ne kawai don ki san inda za ki riƙa aiko da takarda.

Ki kula da kanki.
Fusae

*

Ushirohama, 21 ga Oktoba

Fusae,

Gaisuwa kaɗan, don raina a ɓace yake.

Ai na ga yadda kike dafa bango in za ki tashi. Na yi shiru ne ina jira ki faɗa da bakinki, kika tsaya yi mini kunyar Osaka.

Kin ga garin ne ranar jirgi. Ranar nan mu kanmu ba mu gane shi ba. Washegari an naɗe lemomin, masu kofi sun rufe sun tafi kamun kifi, babu kowa a bakin yashi sai ni da ƙawata tsohuwa Kameyo muna tsintar robobi muna zagin gwamnati. Wannan garin ne ba ki gani ba.

Ba zan yi miki ƙarya ba. Likita sau biyu yake zuwa a mako. In guguwa ta taso babu jirgin da zai kai ki babban asibiti. Na girme ki, ba mamaki ke ce za ki yi jinyata. Kuma ina minshari. Amma tun da mijina ya rasu ɗakin baya ba kowa sai buhunan sukari, in kika faɗi kuma bangon ɗakin siriri ne, na takarda, ko kurma irina za ta ji.

Jiragen baƙi ba sa zuwa da sanyi. Ki hau jirgin kaya kamar 'yar gari, ki yi sanyin nan a nan. In bai yi miki ba, tsofaffi ba sa ƙarewa, ɗakunansu ma ba sa ƙarewa.

Yayarki,
Tokiko

*

Osaka, 9 ga Nuwamba

Yaya,

Gaisuwa. Mun yi doguwar magana da Noriaki, ya yi fushi, ya yi kuka, sannan ya roƙi masu gidan tsofaffin su riƙe mini ɗakin zuwa bazara. Zai kawo ni tashar jirgin ruwa ta Kagoshima ranar ashirin ga wata, in iso da safiyar washegari. Ki kwashe buhunan.

Ya ba ni kuɗin tikiti na zuwa da dawowa. Na zuwa kawai na saya. Ban gaya masa ba tukuna.

Taki,
Fusae